Agogon da Ban Gyara Ba

Anti Saratu,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Yau kwana arba'in da uku ina riƙe da wata magana da ban iya faɗa wa kowa ba a garin nan, har mahaifiyar da ta haife ni. Ki yi haƙuri idan kin ga rubutuna ya karkace. Mu a Sudan Hausa a baki muke yin ta, ita ma rabi Larabci, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini bokonta. A filinki na riƙa tsintar yadda ake jera ta, a waya. Da gangan kuma na zaɓi in rubuto da ita, don mujallarku ba a nan ake buga ta ba, kuma mutanen da nake tsoro ba su cika wahalar da kansu da harshenmu ba. Idan kin ga dama ki canza sunaye ki buga, ko wani mai irin aikina zai karanta ya tashi ya duba na'urarsa.

Ni mace ce, shekaruna talatin da ɗaya, ban yi aure ba. Muna zaune a unguwar Hajj Yusuf, ni da mahaifiyata da ƙanwata Basma. Ina aiki a wata cibiyar koyon kwamfuta a Umdurman, kullum sai na canza mota biyu na haye kogi kafin in isa. Ni ce mai kula da na'urori. Kwamfutoci ashirin da huɗu ne a ɗakin ɗalibai, kowace da lambarta manne a jiki, sai babba guda ɗaya da muke kira saba, wadda ta cikinta duk sauran ke bi su fita intanet. Tana wani ƙaramin ɗaki da ni kaɗai ke da makullinsa. Da hannuna na haɗa ta, da Linux da sauran manhajojin da kowa ke da damar ɗauka kyauta ya buɗe cikinsu ya gani, don a shekarun takunkumi ko kana so ba a sayar mana da na kamfanoni. Ina alfahari da ita, ba zan ɓoye miki ba. Basma har tsokanata take yi, wai ga mijin Yaya can a ɗaki mai sanyi, ba ya faɗa, ba ya tambayar abinci.

Sai na yi miki bayanin abu biyu na aikinmu, in ba haka ba ba za ki gane laifina ba.

Na farko rajista. Guda biyu gare mu. Akwai ta takarda a bakin ƙofa, duk wanda zai zauna sai ya rubuta sunansa da lambar kwamfuta da lokacin da ya shiga, yana duba agogon bango. Akwai kuma wadda sabar ke rubutawa da kanta, mu log muke ce masa: kwamfuta kaza ta shiga shafi kaza da ƙarfe kaza, ta aika abu mai nauyi kaza. Log bai san sunan kowa ba, lamba da lokaci kawai ya sani. Wanda ya koya mini aiki, Ustaz Uthman, kwana bakwai yake barin sa, a na takwas na'ura ta share. Na sha tambayarsa dalili, amsarsa kullum ita ce abin da ba ka ajiye ba, ba mai zuwa ya ce ka miƙo. Ni a lokacin lalaci na ɗauke shi. Yana barin aikin ya tafi Saudiyya na mai da kwana bakwai shekara guda, ina ganin na fi malamina tsari. Dama ni ban iya zubar da komai ba, har wayoyin da suka mutu ina da kwali guda nasu.

Na biyu agogo. A farkon Nuwambar da ta wuce gwamnati ta mai da agogon ƙasa baya da awa ɗaya, kowa ya murɗa nasa. Kwamfutocin ɗalibai na bi su ɗaya bayan ɗaya na gyara, don ana gani, kuma da ban yi ba da mudir, shugaban cibiyar, ya yi magana. Ita kuwa sabar, wani ɗan ƙaramin fayil na lokutan ƙasashe kawai take buƙatar in sabunta mata. Amma tun bara na hana ta sabunta komai, saboda na taɓa yi da gaggawa ana tsakiyar jarrabawa, cibiya ta yini ba intanet, na sha faɗa a gaban ɗalibai. Daga ranar na kafa wa kaina doka, abin da ke aiki ba a taɓa shi. Duk mai irin aikina ya san dokar nan. Sai na ce bari hutu ya zo. Na rubuta a wata 'yar takarda cewa a gyara agogo, na manna a jikinta. Ba mai karanta log sai ni, ni kuma da na ga lokaci sai in cire awa ɗaya a kaina. Na yi ta yi har na saba, har na daina ganin takardar.

To, akwai wani dattijo a ajin masu farawa, Malam Zubairu. Tela ne a Kasuwar Umdurman, layin masu ɗinkin jallabiya, gidansa can unguwar Dar Salam. Namu ne, kakanninsa cikin alhazan da suka tsaya a hanya suke, kamar nawa. Teloli 'yan'uwansa suka zaɓe shi sakataren ƙungiyarsu, shi kuma ya ce abin kunya ne a ce sakatare sai ya kai wasiƙa wani ya buga masa. Shi ne ya zo koyo yana kusan sittin. Da yatsa ɗaya yake bugawa, sai ya yi bismillah kafin ya taɓa maus. Yakan cire takalmi a bakin ƙofa duk da na sha gaya masa ba masallaci ba ne. Idan allo ya yi duhu sai ya ɗaga hannu biyu sama yana rantsuwa bai taɓa komai ba. 'Yata yake ce mini, kuma a duk cibiyar da shi kaɗai nake yin Hausa. A rajistar ƙofa ba wanda ya kai shi: suna uku cikakku, rubutu kamar na allo, lokaci har da minti. Kwamfuta ta tara ce tasa kullum, daga sha ɗaya zuwa sha biyu, don ita ce kusa da taga, idonsa ya fara rauni.

Kin dai ji abin da ya faru a nan a Janairu da burodi ya yi tsada, mutane suka fita titi. Basma tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karatun haɗa magunguna, kuma tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Wata Laraba da hantsi ta zo wurin aikina ta ce layin wayarta ya ƙi, tana so ta aika wani aikin makaranta. Ɗakin bai cika ba, na ce ta zauna a ta tara kafin mai ita ya iso. Ba ta rubuta suna ba. Wa zai ce ƙanwar mai makulli ta rubuta suna? Ni da ke mai da ɗalibai bakin ƙofa idan sun manta, ni ce na ɗaga mata hannu ta wuce. Ta yi kamar rabin awa ta tafi. Sha ɗaya daidai Malam Zubairu ya shigo, ya cire takalmi, ya rubuta sunansa.

Ashe ba aikin makaranta ba ne. Bidiyo ne na yadda aka doki mutane a wata zanga-zanga, da jerin sunayen waɗanda aka kama, ta aika wa wani shafi da ake gudanarwa daga ƙasar waje. Ta guji wayarta ne don kada a bi sawunta. A tunaninta wurin Yaya ya fi ko'ina aminci. Ni ban san komai ba sai ranar da aka zo.

Bayan kwana goma sha ɗaya mutanen amni, wato jami'an tsaron gwamnati, suka zo, su uku, cikin kayan gida. Kwana goma sha ɗaya, Anti. Da na bar tsarin Ustaz Uthman da sun tarar na'ura ta riga ta share. Sun san ranar, sun san daga layinmu abin ya fita, amma ba su san lokacin ba, don sai da yamma shafin ya wallafa. Suka sa mudir ya kira ni, suka tsaya a kaina na buɗe log ɗin ranar. Ba a sha wuya ba. Layi ɗaya ne tak ya aika abu mai nauyi zuwa wancan shafin: kwamfuta ta tara, sha ɗaya da minti ashirin.

Kafin in kai ƙarshen layin kaina ya riga ya cire awar kamar yadda ya saba. Goma da minti ashirin. Na san wadda ke kan kujerar, don ni na zaunar da ita. Na bar lokacin yadda suka karanta shi. Ɗayansu ya ɗauko rajistar ƙofa ya bi da yatsa har ya tsaya a kan kyakkyawan rubutun nan. 'Yar takardata tana nan manne a jikin sabar, dab da fuskarsa, amma da Hausar boko nake rubuta abubuwan kaina don kada mudir ya karanta, ko kallonta bai yi ba. Ya tambaye ni ko rajistar na'ura daidai take. Na ce na'ura abin da ya faru take rubutawa. A raina na ce ai ban yi ƙarya ba, ba su tambaye ni agogo ba. Suka zare wayoyi suka ɗauki sabar da rajistar ƙofa suka tafi. Da la'asar suka je kasuwa suka ɗauke Malam Zubairu daga kan keken ɗinkinsa, rigar wani tana ƙarƙashin allura ba a gama ba. Haka maƙwabcin shagonsa ya ba da labari.

Na ɗauka kwana biyu za su gane. Na ce za su zaunar da shi gaban kwamfuta su ga yatsa ɗayan nan su yi dariya su sake shi. Da wannan na riƙa lallashin kaina makon farko, da na biyu. Amma sakataren ƙungiya ne, kuma kalmar ƙungiya kaɗai ta ishe su. Har yau ba a kai shi kotu ba, ba a faɗi inda yake ba. Yana da ciwon suga. Iyalinsa sukan kai magani da tufafi wata ƙofa, a karɓa ta ƙaramar taga, ba su sani ba ko yana isa hannunsa.

Cibiya ta yi mako biyu a rufe. Da aka buɗe mudir ya samo wata tsohuwar na'ura na sake haɗa saba. Abu na farko da na yi shi ne agogo. Na duba, Anti, bai kai minti biyu ba. Na zauna a ƙasa a ɗakin nan na yi ta kuka har sai da mai shara ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Basma ba ta sani ba. Ta ji an kama wani dattijo ɗalibinmu, ta tambaye ni, na ce rigimar ƙungiyar teloli ce. Ta yarda, don ban taɓa yi mata ƙarya ba. Ba ta ma san na gano abin da ta aika ba. A kwano ɗaya muke ci, tana ba ni labarin jarrabawarta ta ƙarshe da ke tafe a Afrilu, wani lokaci in ji kamar in shaƙe ta, wani lokaci in ji kamar in goya ta in gudu. Ta yi mini ƙarya, ta yi amfani da ni, wannan na ƙona mini rai. Amma abin da ta aika gaskiya ne, akwai iyayen da a jerin nan suka fara sanin 'ya'yansu na raye. Kuma na san halinta. Ranar da ta ji wani na can a madadinta, mayafi kawai za ta yafa ta kai kanta. Abin da ake yi wa 'yan mata a can kuwa ba sai na rubuta miki ba. Mahaifiyarmu tana da hawan jini, tun rasuwar babanmu mu biyun nan ne idonta.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da haɗiyewa ya faru ne ranar Lahadin nan. Matar Malam Zubairu, Khadiga, ta zo cibiya tun daga Dar Salam, mota uku. Ban taɓa ganin ta ba. Ta ce 'yar nan take nema da Malam ke yawan ambata, wadda ya ce ta fi maza sanin na'ura. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da littafinsa na aji, ta buɗe mini in gani da idona cewa darasinsa na ƙarshe shi ne yadda ake ajiye fayil, ya rubuta matakai huɗu da lambobi. Ita ba ta karatu, 'yarta ce ta karanta mata. Sai ta riƙe hannuna ta tambaye ni, ni da na san na'urori, ko na'urar nan da aka ce ta nuna mijinta tana kuskure. Na ce mata ba ta cika yi ba, sai dai mu yi ta addu'a. Ta yi mini godiya. Ta sa mini albarka, ta roƙa mini miji nagari, ta bar mini littafin wai ko zai yi amfani. Yana cikin jakata yanzu, na kasa fito da shi, na kasa barin sa a ofis.

Ga inda na tsaya. Idan na je na ce agogo ya yi gaba da awa ɗaya, hujjar tana hannunsu, su kunna na'urar kawai su kalli agogon bangonsu. Malam zai wanku. Amma za su koma rajistar ƙofa su duba ƙarfe goma, su tarar ba suna a kwamfuta ta tara. Sai su juyo kaina, don ni ce mai ɗakin. Ko in ce ni ce, ko in ce Basma ce, ko in yi shiru su yi ta tambaya har in faɗa. Ina gaya wa kaina ƙanwata nake karewa, amma wasu ranakun idan mota ta hau gada nakan ga tsoron kaina ne ya fi yawa. Ni ba jaruma ba ce, mai haɗa waya da waya ce kawai.

Har wata dabara ta zo mini. Ina da kwafin log ɗin a wani faifai a gida. Zan iya taɓa shi ya nuna kamar wani ne daga waje ya kutsa cikin layinmu ya aika, kowa ya huta. Na iya, kuma ina jin ba za su gane ba.

Me zan yi, Anti? In gaya wa Basma? In je da ƙafata? Ko in jira, tunda ana cewa wani lokaci sukan saki mutane rukuni-rukuni? Idan ya mutu a can, ni na kashe shi? Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, kada ki lallashe ni. Lallashi na yi wa kaina ya isa.

Taki cikin damuwa,
Mai Makullin Ƙaramin Ɗaki

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata.

Hausarki ba ta karkace ba, ta iso har cikin raina. Na canza sunaye kamar yadda kika nema, na canza har abubuwan da ba ki nema ba, kuma amsar nan ta riga ta iso gare ki ta hanyar da kika bayar kafin ta je wurin bugu. Amma daga yau ki daina dogara da cewa ba sa karanta Hausa. Kin taɓa dogara da cewa ba mai duba agogo sai ke.

Kin ce kada in lallashe ki, to bari in raba miki kayan da kika haɗa wuri ɗaya kika ɗora a ka. Agogon da ba ki gyara ba, rajistar da kika tsawaita, ƙanwar da kika bari ta wuce ba ta rubuta suna ba, duk kurakuran aiki ne, irin waɗanda kowane ma'aikaci yake da su a aljihu. A inda ake bin doka, da faɗan mudir kawai za su jawo miki. Ba su suka tsare dattijo mai ciwon suga ba tare da kotu ba, waɗanda suka tsare shi su ke da wannan alhakin, kada ki karɓar musu. Shirun da kika yi a wancan mintin, mutum uku na tsaye a kanki, sunan ƙanwarki na bakinki, shi ma ba zan tuhume ki a kai ba. Ban sani ba ko ni da na iya buɗe baki. Amma kwana arba'in da uku ba firgita ba ce. Shawara ce da kike sake yankewa kowace safiya, kuma wannan naki ne.

Tsoron da kike yi wa Basma gaskiya ne, ban raina shi ba. Tsoron da kike yi wa kanki ma ba abin kunya ba ne, na ma ji daɗi da kika faɗe shi da bakinki. Sai dai ki duba: Basma ta san abin da ta aika da haɗarinsa, ta zaɓa. Ke kin san gaskiya, kin zaɓa. Malam Zubairu kaɗai ne bai zaɓi komai ba, kuma shi ne a ciki. Jiran a sake shi cikin rukuni caca ce, kuma da jikin wani kike yin ta. Kin tambaye ni ko ke kika kashe shi idan ya mutu. Rai na Allah ne, ba ke ba ce. Amma za ki rayu da sanin cewa abin da zai iya fito da shi yana hannunki kika riƙe, kuma macen da ta rubuto mini wasiƙar nan ba za ta iya ɗaukar wannan ba.

Maganar taɓa kwafin nan, ki fitar da ita daga ranki. Asalin yana wurinsu. Idan suka gano, kin kashe hujja ɗaya tak ta gaskiya da Malam yake da ita, don daga nan ba mai ƙara yarda da maganarki a kan agogo. Idan kuma ba su gano ba, za su fita neman wanda ya kutsa, kuma za su samo wani. Ki bar faifan yadda yake, ki fitar da shi daga gidanku ki kai hannun lauya.

Ki gaya wa Basma kafin Juma'a. Ba yarinya ba ce, kuma ba ki da hurumin ɓoye mata cewa wani na ɗauke da kayanta. Kada ki faɗa mata a gida gaban mahaifiyarku, kuma kada ki faɗa mata ke kaɗai. Ki nemi babba guda da take jin nauyinsa, kawu ko baffa, mai riƙon sirri. A fahimtar da ita cewa kai kanta cikin zafin rai ba lallai ya fito da kowa ba, ana iya riƙe su duka biyu. Idan tana son ta yi wa dattijon adalci, to ta yarda ta bar gari, ta yi nisa iyakar yadda danginku za su iya kai ta, don bakinki ya samu ya buɗe. Za ta ce jarrabawa. Jarrabawa ana sake ta wata shekarar.

Bayan ta tafi, sai lauya, irin waɗanda suka saba da shari'ar waɗanda ake tsare da su. Ki je da ƙafarki, ban da waya. Na tambayi wani lauya a nan da wani mai irin aikinki, ban faɗa musu ko wace ƙasa ba, duka biyun abu ɗaya suka ce: kada ki je ƙofarsu ke kaɗai ki ce kin zo da magana. A rubuta kuskuren agogon a takarda, a matsayin rahoton cibiya, mudir ya sa hannu, lauya ya kai, dattawan kasuwar Malam su bi baya. Hujjar ba a kan layi ɗaya take ba, tun Nuwamba kowace safiya log ɗin zai nuna cibiya ta buɗe da awa ɗaya bayan lokacin da kowa ya san tana buɗewa. Ni ina nesa, lauyan can ya fi ni sanin ƙasa. Idan ya saɓa mini a kan yadda za a yi, ki bi shi. Idan ya ce a bar maganar, ki nemi wani.

Ba zan yaudare ki ba, za su tambaye ki wa ke kan kujerar, kuma suna iya riƙe ki. Ki shirya kamar mai tafiya. Ki gaya wa mahaifiyarki da kanki, a hankali, da wani a gefenta, don ta ji daga bakinki ya fi ta ji daga maƙwabta. Ki samo wadda za ta zauna da ita, a tanadi maganinta, mutane da yawa su san ranar da aka kai takardar. Ban ce ki ɗauki laifin da ba naki ba, ban kuma ce ki miƙa sunan da ba a matsa miki a kansa ba. Amma idan ya fita daga bakinki bayan Basma ta yi nisa, ba cin amana kika yi ba, kuma ita ma ta san haka tun kafin ta tafi.

Khadiga tana bin ki amsa. Kada ki zazzage mata komai yanzu, mace ce cikin tashin hankali, tana iya gudu da maganar inda za ta ɓata shiri. Ki je Dar Salam ki ce mata kin sake dubawa, na'ura tana kuskure, akwai lauyan da zai yi magana da su. Sauran bayanin da neman gafara suna nan tafe, a gabanta da gaban mijinta. Ranar ki faɗi komai, kada ki rage, kada kuma ki sa ran dole su yafe a take.

Ku kuma masu irin aikinta da ke karantawa, yau ku duba abin da kuka ce sai hutu. Ku tambayi kanku me kuke ajiyewa a kan mutanen da suka amince da na'urorinku, da kuma wa zai iya zuwa ya nema.

'Yata, tunda na karanta wasiƙarki na zama mutum ta biyu da ta san dattijon nan ba shi da laifi, kwana uku kawai na yi da sanin, na ji yadda yake da nauyi. Saura wata biyu azumi, kuma mai suga ba ya jure zafinku a ɗakin da ba iska. Kada watan ya same shi a can saboda shirunki. Na ji ku a can, da azumi a titi maza ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a sha ruwa tare da duk wanda ya zo wucewa. Allah ya tsare ki, ya tsare Basma, ya ba mahaifiyarku ƙarfin zuciya. Allah ya sa ranar farko ta azumin bana a shimfiɗa tabarmar layinsu da Malam Zubairu a kai.

Taku,
Anti Saratu